Yadda Aka Fara Auna Gani da Ji

A shekarar 1796 aka sallami wani matashi mai suna David Kinnebrook daga aiki a gidan duban taurari na Greenwich, kusa da Landan, wurin nan da agogon GMT ya samo sunansa. Laifinsa shi ne jinkirin da bai kai sakan ɗaya ba. Aikin kuwa ga yadda yake: mutum zai kafa ido a na'urar hangen nesa wadda aka gitta wa siraran wayoyi, kunnensa na bin bugun agogo, ya rubuta daidai lokacin da tauraro ya tsallake waya. Maigidansa, Nevil Maskelyne, ya lura kullum lissafin yaron yana zuwa bayan nasa, har tazarar ta kai kashi takwas cikin goma na sakan. Ya ɗauka sakaci ne, ya ce ya kama gabansa.

Sai bayan shekara ashirin wani masanin taurari Bajamushe, Friedrich Bessel na Königsberg, ya ci karo da labarin, abin ya tsaya masa a rai. Ya gwada kansa da wasu ƙwararru 'yan uwansa, sai ga shi su ma sun saɓa, wani lokacin da fiye da sakan guda. Ashe kowane mutum da irin tazarar da ke tsakanin ganinsa da amsawarsa. An zalunci Kinnebrook, amma zaluncin ya buɗe wata ƙofa: idan tunani yana cin lokaci, to ana iya auna shi. Kafin nan manyan malamai irin su Immanuel Kant sun riga sun yanke hukunci cewa nazarin zuciyar ɗan Adam ba zai taɓa zama kimiyya ta sosai ba, don lissafi ba ya shigarsa.

Wanda ya fara zama ya auna abin da mutum ke ji da natsuwa shi ne Ernst Weber, malami a Jami'ar Leipzig. Yakan ɗauki kamfas mai ƙafa biyu, irin na zana da'ira, ya ɗora tsinin biyu a fatar mutum, ya tambaye shi: ɗaya ka ji ko biyu? A kan harshe, tazarar milimita ɗaya ta isa mutum ya ce biyu. A gadon baya kuwa sai an ware ƙafafun santimita da yawa, in ba haka ba zai rantse tsini ɗaya ne ya taɓa shi. Daga nan Weber ya koma ga nauyi, ya gano abin da ya wallafa a 1834: ƙarin da mutum zai iya lura da shi ya dogara ne ga yawan abin da yake ɗauke da shi tun farko. Ɗan dako da ke riƙe da mudu ɗaya na gero zai ji idan an ƙara masa rabin mudu, amma in buhu ne a kansa, rabin mudun nan ko a jikinsa.

Gustav Fechner ne ya mayar da wannan lura ta zama fanni. Malamin kimiyyar fiziks ne a Leipzig, wanda ya lalata idanunsa wajen kallon rana don nazarin hoton da ke saura a ido bayan an kau da kai. Ya bar kujerarsa, ya yi shekaru yana zaman ɗaki mai duhu. Bayan ya warke, da safiyar 22 ga Oktoba 1850, yana kwance a gado, dabara ta faɗo masa: idan aka ɗauki mafi ƙanƙantar bambancin da mutum ke iya ji a matsayin ma'auni, ana iya jera irin waɗannan bambance-bambance kamar matakala a san ƙarfin abin da ake ji a ciki. Ni dai ina ganin hanyoyin gwajin da ya tsara a littafinsa na 1860 sun fi ƙa'idar lissafinsa daraja, domin ƙa'idar an yi ta gyara mata, hanyoyin kuwa har yau da su ake aiki. A wajajen 1850 ɗin nan ne kuma Hermann von Helmholtz ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya samu kusan mita 30 a sakan, alhali da ana zaton gudun ya fi ƙarfin awo.

Wilhelm Wundt, wanda ya taɓa zama mataimakin Helmholtz, shi ya tattara waɗannan duka ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Leipzig a 1879, kuma daga shekarar nan ake ƙirga haihuwar ilimin halayyar ɗan Adam a matsayin kimiyya mai cin gashin kanta. Ɗalibai suka yi ta zuwa daga Turai da Amurka suna komawa gida da salon.

Duk wanda aka taɓa sa wa abin sauraro a kunne a asibiti, ana rage ƙarar sauti kaɗan-kaɗan ana cewa ya danna maɓalli in ya ji, to hanyar Fechner aka bi da shi.