Fada Tansi na Anacha: Mutumin da Ya Tara Kayan Gini, Wasu Suka Gina

Ku da neman abinci ko aikin gwamnati ya kai ku kudu, kuna zaune a unguwannin Hausawa a Anacha da Inugu da Fatakwal. Da yawanku kun bar gida da niyyar shekara biyu, ga shi yanzu 'ya'yanku sun fi jin Ibo da harshen kakanninsu. Yau zan ba ku tarihin wani ɗan ƙasar da kuke zaune a ciki. Fada ne na ɗarikar Katolika. Na sani wasunku 'yan ECWA ne, wasu COCIN, wasu EYN, akwai kuwa abubuwan da muka bambanta da 'yan'uwanmu Katolika a kansu. Amma tambayar da ta sami wannan mutum ba ta san ɗarika ba: me za ka yi idan ka ba Allah dukan ranka saboda wani aiki, sa'an nan aikin ya wuce ta wata hanya ya bar ka?

An haifi Iwene Tansi a shekarar 1903 a Aguleri, a bakin kogin Anambra, ba nisa da Anacha. Iyayensa masu bin addinin gargajiya ne. An kai shi makarantar mishan, aka yi masa baftisma a 1912 da sunan Maikel. Ya zama malamin makaranta, har ya kai hedimasta. A wancan zamani hedimasta babban mutum ne, dangi sun sa rai shi zai ɗauke musu nauyi. Sai a 1925 ya ajiye aikin ya shiga makarantar koyon aikin fada a Igbariam. Dangi ba su yarda ba ko kaɗan, gama fada ba ya aure, ba ya barin magaji. Shekara 12 ya yi yana wannan karatu. A ranar 19 ga Disamba 1937 Bishop Charles Heerey ya keɓe shi a babbar majami'ar Anacha, lokacin da fada ɗan ƙabilar Ibo bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ba.

Ya yi aiki a Nnewi, da Dunukofia, da Akpu, daga baya a garinsu Aguleri. Da ƙafa da keke yake zagaya ƙauyuka. Idan ana ginin coci ko makaranta, shi ma yana cikin masu kwaɓa ƙasa. Ya kafa gidajen koyar da 'yan mata kafin aure, ya tsaya wa mata da waɗanda al'ada ta mayar saniyar ware. Mutum ne mai tsanani, waɗanda suka zauna a ƙarƙashinsa ba su ɓoye wannan ba, amma ya fi tsananta wa kansa. A cikin yaran da ya yi wa baftisma a 1941 akwai wani ɗan shekara tara daga Eziowelle, sunansa Francis Arinze. Ku riƙe sunan nan.

To, ga inda maganar take. Bishop Heerey yana so a kafa gidan masu zaman kaɗaici a yankin Anacha, wato mazan da suke keɓe kansu domin addu'a da aikin hannu, ba su fita wa'azi, ba su yawan magana. Fada Tansi ya ce zai tafi ya koyo. A 1950, yana da shekara 47, ya isa gidan Mount Saint Bernard a lardin Lesta ta Ingila, aka ba shi sunan Cyprian. Shirin a fili yake: ya koyi wannan zama, ya dawo ya dasa shi a ƙasarsa.

Ku duba abin da ya bari. A gida, in ya yi magana gari yana motsi. A can ya koma ɗan koyo, yana bin umarnin waɗanda bai kai su sanin ƙa'idar gidan ba ko da ya girme su. Ana tashi addu'a tun dare bai raba ba, cikin sanyin da jikinsa bai taɓa sani ba. Aikinsa shi ne hidima a ɗakin cin abinci da ɗinkin littattafai. Sai a 1956 ya ɗauki alkawarin zama na har mutuwa. Shekaru suna ta wucewa, maganar komawa gida tana ja da baya.

A 1963 lokaci ya yi. Mount Saint Bernard ta shirya aika mutane Afirka. Amma ba Nijeriya aka zaɓa ba, sai Mbengwi kusa da Bamenda a ƙasar Kamaru. Shekara 13 na jira, ga shi gidan ya tsallake ƙasarsa. Ya karɓa, ya soma shirin tafiya Kamaru, inda aka sa shi zai zama mai horar da sababbin shiga. Wannan ma bai samu ba. Ciwo ya riƙe shi, ya rasu a asibitin Lesta ranar 20 ga Janairu 1964, aka binne shi a Ingila.

In da ma'aunin kasuwa za a auna, an yi asara. An ɗauke ma'aikaci mai ƙarfi daga gona a tsakiyar damina, aka kai shi inda ba wanda ya san shi, abin da aka tura shi dominsa kuma bai gani ba. Ni dai ba na son wa'azin da yake gaggawar share wannan zafi. Wasu sukan ce ai ga dalili, shekara huɗu bayan haka yaƙin basasa ya tashi a 1967, Anacha ta sha wuta, da gidan yana can da ya rushe. Yaƙin gaskiya ne, amma Fada Tansi bai san da shi ba sa'ad da ya sunkuyar da kai. Biyayyarsa ba ta jira a nuna masa dalili ba, a nan nauyinta yake.

Ku buɗe 2 Sama'ila sura 7 da 1 Tarihi sura 22 a gida. Sarki Dawuda ya yi niyyar gina wa Ubangiji haikali. Niyyar mai kyau ce, annabi Natan ma da fari ya goyi baya. Da dare Allah ya ce ba shi zai gina ba, ɗansa ne. Dawuda bai yi fushi ya naɗe hannu ba. Ya tara duwatsu da ƙarfe da tagulla da katakon al'ul, ya danƙa wa Sulemanu. Abin da yakan ba mu wuya ba barin mugun shiri ba ne, wannan kowa ya san ya kamata. Mai wuyar shi ne a karɓe maka shiri mai kyau, wanda ka yi addu'a a kansa, ka kuma tabbata domin Allah ka yi shi.

Yaron nan na Eziowelle ya zama Babban Bishop na Anacha a 1967, ya zama Kadinal a 1985. A 1986 aka dawo da ƙasusuwan Fada Tansi gida, aka binne kusa da majami'ar da aka keɓe shi a ciki. Ranar 22 ga Maris 1998 Paparoma John Paul na Biyu ya zo Oba, kusa da Anacha, ya sa shi cikin waɗanda Katolika suke kira masu albarka, ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan.

Irin gidan da ya yi marmari kuwa ya tsiro a Awhum, wajen Inugu, inda mutane suke tururuwa zuwa addu'a. Gidan Bamenda ma ya yi girma, har a shekarar 2000 ya aiko mutanensa Nijeriya su kafa reshe. Wurin da suka sauka shi ne Nsugbe, tsakanin Anacha da Aguleri, shekara 36 bayan rasuwarsa.