Mashigin Suwes da Hanyar Kakanninmu Zuwa Jarwal

Tunda karatu ya kawo ni Makka nake yawan jin dattawan Jarwal suna ba da labarin yadda iyayensu suka taho daga Kano ko Sakkwato a ƙasa, wasu har shekara bakwai suna bisa hanya. A ganina wannan labari ba ya cika sai an haɗa shi da tarihin Mashigin Suwes, wanda ya haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya.

Tunanin haƙa mashigi a ƙasar Misira tsoho ne, kuma yana da alaƙa da Hijaz. Bayan yunwar da aka yi a zamanin Sayyidina Umar, Amru ɗan Asi ya sake buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa daga Kogin Nilu zuwa Bahar Maliya, domin jiragen hatsi su ciyar da mutanen Madina da Makka. A ƙarni na 8 Miladiyya aka toshe ta.

Na zamani kuwa, wani Bafaranshe ne, Ferdinand de Lesseps, ya samu izini daga Sa'id Pasha a 1854. Aka soma aiki a 1859, aka buɗe ranar 17 ga Nuwamba, 1869, a zamanin Isma'il Pasha. Tsawonsa a lokacin kimanin kilomita 164 ne. To amma su wa suka haƙa? Talakawan Misira ne, manoma da ake kwasowa daga ƙauyuka ta hanyar aikin tilas, kusan mutum 20,000 a kowane zubi, da diga da kwando, cikin hamadar da sai raƙuma sun yo musu dakon ruwan sha. Sai da aka soke tilas a 1864 sannan aka koma ga manyan injuna. Dubbai sun rasu, ba wanda ya rubuta sunayensu.

Kuɗin aikin ya ninka abin da aka ƙiyasta, ga kuma sauran basussuka, har Isma'il ya sayar wa Ingila hannun jarin ƙasarsa a 1875 a kan fam miliyan 4. Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na Misira ya ci ƙasa ɗungurungum: a 1882 sojojin Ingila suka mamaye ta, a 1898 kuma suka ci Omdurman ta Sudan.

Nan ne labarin ya iso gare mu. Mashigin ya sauƙaƙa wa alhazan Turkiyya da na Arewacin Afirka, domin jirgin ruwa yakan kawo su Jidda cikin kwanaki. Kakanninmu ba su shiga wannan jirgi ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka kafa gari a bakin Nilu. Da Turawa suka gina tashar Bur Sudan, suka kuma buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, Hausawa masu niyyar hajji suka zama 'yan ƙodago a cikinsu. Audugar da suka tsinka ta bi ta Suwes zuwa masaƙun Ingila, su kuma suka tara ladan aikin, suka tsallaka daga Sawakin zuwa Jidda. Waɗanda guzuri ya ƙare musu, ko suka zaɓi maƙwabtaka da Ɗakin Allah, suna cikin waɗanda suka zauna a unguwanni irin su Jarwal.

Jamal Abdunnasir ya ƙwace mashigin daga hannun kamfanin a 1956, Misirawa suka dawo da haƙƙinsu, suna kuma tunawa da maheƙansa. Mu fa? Rusau ya ci sassa da yawa na tsofaffin unguwannin Makka, dattawan da suka san hanyar Sudan kuma suna ta ƙarewa. Ina kira ga 'yan uwa ɗalibai, musamman masu nazarin tarihi, da mu zauna da su mu rubuta abin da suka riƙe tun suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.