Daga Wuta zuwa Toka: Yadda Aka Koyi Gano Ƙarin Saman Ƙoda

A shekarar 1886 wani likita a birnin Firaibog na Jamus, Felix Fränkel, ya rubuta labarin wata budurwa 'yar shekara 18 da ciwonta ya ɗaure wa likitoci kai. Tana zaune lafiya lau sai zuciyarta ta hau dukan uku-uku, kai ya sara, tsoro ya rufe ta. Can kuma abin ya lafa kamar ba a yi ba. Bayan rasuwarta aka binciki gawar, aka tarar da ƙari a 'yan tsokoki biyun nan da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda ake kira adirinal.

A 1901 Jokichi Takamine, ɗan Japan mai aiki a Amurka, ya tace sinadarin da tsokokin ke fitarwa, wato adirinalin, wanda ke sa zuciya bugu da ƙarfi idan mutum ya firgita. A 1912 Ludwig Pick ya raɗa wa ƙarin suna feyokiromosaitoma, saboda duhun da yake yi idan gishirin kiromiyam ya taɓa shi. Zuwa 1926 César Roux a Suwizalan da Charles Mayo a Amurka kowanne ya cire shi ta tiyata, marasa lafiyar suka tashi. Magani ya samu, saura yadda za a gane mai ciwon a cikin ɗimbin masu hawan jini.

Nan fa ake yin ta, domin adirinalin da ƙarin ke fitarwa wutar kara ne: ya tashi bal-bal, cikin 'yan mintoci ya mutu. Idan aka ɗebi jini ranar da ƙarin ya yi likimo, sai sakamako ya ce lafiya ƙalau. Don haka masana suka koma neman tokar da wutar ta bari.

A 1957 Marvin Armstrong da abokan aikinsa suka gano VMA a fitsari, ragowar ƙarshe bayan jiki ya narka sinadarin. A lokacin akan ba majinyaci jarka ya tara fitsarinsa na awa 24, a kuma hana shi ayaba da kofi da cakulan, don suna rikita tsohon gwajin. A daidai wannan lokaci Julius Axelrod ya gano COMT, sinadarin da ke mayar da adirinalin metanefirin. Ya samu kyautar Nobel a 1970.

Sirrin ya ƙara fitowa a shekarun 1990, lokacin da Graeme Eisenhofer da Jacques Lenders suka nuna cewa a cikin ƙarin kansa ake ƙera metanefirin, dare da rana, ko ciwon ya motsa ko bai motsa ba. Bincikensu na 2002 ya nuna gwajin metanefirin na jini na kama kashi 99 cikin ɗari na masu ƙarin, VMA kuwa kashi 64 kacal. A 2014 ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta sa metanefirin, na jini ko na fitsari, ya zama gwajin farko.

Shi ya sa yau ake kwantar da majinyaci rigingine na minti 30 kafin a soka allura. Ana jira tsoron allurar da gajiyar hanya su kwanta tukuna, domin metanefirin da ƙari ke tsiyayarwa ba ya kwantawa tare da su.