Idan ƙarfen kwatangwalo ya kamu da ƙwayoyin cuta: me aiki na biyu ya ƙunsa?

Canjin kwatangwalo aiki ne da likitan ƙashi ke yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, ya dasa na ƙarfe a madadinsa, ya kuma sa wani ɗan ƙoƙo a ramin da kan ke juyawa. A asibiti furotez ake ce masa. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan aiki a 1962, kuma har gobe a kan tsarinsa ake tafiya. A nan Tsibiri, Maraɗi da Jiratawa, waɗanda aka fi yi wa su ne tsofaffin da suka faɗi suka karye, da waɗanda suka yi hatsarin mota ko na kabu-kabu, sai kuma samari da ƴan mata masu amosanin jini, emasi ke nan, wanda ke hana jini kai wa kan ƙashin har ya mutu.

Galibi aikin yana yin kyau. Amma cikin mutum 100, ana samun 1 ko 2 da ƙwayoyin cuta ke shiga wurin. Mai ciwon suga, mai emasi, mai shan taba da wanda jikinsa ya rame sun fi shiga haɗarin.

Me ya sa magani kaɗai ba ya isa?

To, a nan ne mutane da yawa ke asarar lokaci da kuɗi. Ƙarfe ba nama ba ne, jini ba ya ratsa shi, kuma jini ne ke kai magani inda ciwo yake. Ƙwayoyin cutar, musamman wadda ake kira stafilokok, idan suka samu ƴan satittika sai su manne a jikin ƙarfen, su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar dai santsin nan da ke kama cikin randa idan ta daɗe ba a wanke ba. Ko sau nawa aka canza ruwa, in ba a kankare randar ba, santsin yana nan. Haka antibiyotik ke yi: ya kwantar da zazzaɓi, ɗiwa ta ragu, a ce an samu sauƙi, ana daina sha ciwon ya dawo. Cikin wannan jeka-ka-dawo kuma ƙashin da ke riƙe da ƙarfen yana ta zaizayewa.

Alamomin ba iri ɗaya ba ne. Wani tun satin farko ɗinkin zai yi ja, ya kumbura, ya riƙa tsattsafar ruwa. Wani kuwa sai bayan shekara biyu ko biyar, da ciwo mai nuƙurƙusa wanda ko a kwance ba ya bari, ba tare da zazzaɓi ba. Cutar na iya biyo jini daga ruɓaɓɓen haƙori, ko maruru, ko ciwon mafitsara, ko gyambon ƙafa. Idan kuwa wani ɗan rami ya ɓulle a kan tabon yana fitar da mugunya, ya rufe, ya sake buɗewa, likitoci ba sa wata tantama: cutar ta kai ga ƙarfen.

Abu biyu muke roƙon jama'a a wannan gaɓa. Kar a sayi kafso a hannun masu talla, kar ma a sha ragowar na gida, kafin likita ya ɗebi ruwan gaɓar. Maganin yana ɓoye ƙwayar cutar, a kai awo a ce ba a ga komai ba, alhali tana nan. Shi ya sa in jikin mutum zai jure, likita kan tsayar da antibiyotik sati 2 kafin ya ɗiba. Sannan kar a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ƙaho a wurin. Wanzami da maɗori suna da nasu fagen, ba mu raina su ba, amma huda fata a kan ƙarfe buɗe wa wasu ƙwayoyin ƙofa ne kawai.

Za a yi awon jini, a ɗauki hoton ƙashi (shi ma radiyo ake ce masa, amma ba irin tamu ba), a zuƙo ruwan gaɓar da allura. A ƙasarmu yana da kyau a duba har da tarin fuka, domin shi ma yana kama ƙashin kwatangwalo, maganinsa kuma daban ne.

Hanyoyin aikin

Idan an gano da wuri, cikin watan farko bayan aiki, ko cikin sati 3 da fara ciwon, kuma ƙarfen bai girgiɗe ba, ana iya buɗewa a wanke tas, a canza sassan da ke kwancewa, a bar sauran. Sai antibiyotik na wajen wata 3. Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce jinkiri ke hana mu samu.

Akwai kuma cire tsohon ƙarfe a dasa sabo a rana guda. Likitocin Hambug a Jamus ne suka shahara da ita, amma tana son a san ƙwayar cutar tun kafin a shiga, ƙashi da nama kuma suna da kyau.

Wadda aka fi bi idan ciwon ya daɗe ita ce ta zango biyu. A zangon farko a cire ƙarfen da simintin da ke riƙe da shi, a yanke duk naman da ya ruɓe, a ɗebi ɓarɓashi kamar 5 a kai awo. Sai a cike gurbin da wani siminti na asibiti da aka kwaɓa da antibiyotik, ya riƙe wurin yana sakin magani a hankali. Daga nan magani na wajen sati 6, da farko ta jijiya, daga baya wani lokaci na sha. Sai awo ya nuna wuri ya yi tsabta a koma a dasa sabon ƙarfe. Tsakanin biyun mutum yana kan sanda ko a zaune, wata biyu, uku, wani ma fiye. Wahala ce, babu ɓoyewa, ga manomi kuwa damina guda ta tafi. Amma cikin mutum 10, wajen 8 zuwa 9 suna rabuwa da cutar.

Idan ƙashi ya ci sosai, ko jikin ba zai ɗauki wani babban aiki ba, ko hali bai kai ba, ana cire ƙarfen a bar wurin haka. Aikin Girdlestone ke nan, sunan wani likitan Ingila. Ƙafar za ta gajarce da ƴan santimita, sai an ƙara wa takalmi tsawo, da sanda kuma. Mutane na jin tsoronsa, amma ciwo yana raguwa, mugunya ta tsaya, ƙafar kuma tana nan ba a yanke ba.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku da ke Abija, Legas, Aljeriya ko Faransa kuna turo taimako, ku sani lissafin na aiki biyu ne, da kwanciya biyu, da magani a tsakani, da awo, da kuɗin mota, da abincin mai jinya. Abin da ya fi muni shi ne a yi zangon farko kuɗi ya ƙare. Simintin nan na wucin gadi ne, yana iya karyewa ko ya goce. Don haka kafin a sa rana, a zauna da likita a tambaye shi: wace hanya zai bi, sabon ƙarfen yana nan ko sai an yi oda, nawa ne duka, kuma in abu ya taso da dare wa za a kira.

A fara daga likitar CSI ta kusa, a karɓi takardar turawa zuwa sashen ƙashi a Maraɗi, CHR ko Babban Asibitin Referans. Su ne za su ce a tsaya nan ko a wuce Yamai. Wasu iyalan kan bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ko ina aka nufa, a tafi da takardun aikin farko, musamman in a Tunisiya, Maroko ko Indiya aka yi shi: rahoton tiyata, tsofaffin hotuna, da sunan kamfanin ƙarfen da lambarsa. Kowane kamfani da irin kayan cire nasa. In takardun sun ɓata, wanda ya raka mara lafiyar a wancan karon ya nemi asibitin su turo ta WhatsApp.

Aikin yana cin jini fiye da na farko, saboda haka a tanadi masu ba da jini tun da wuri. A saita suga, a gyara haƙori, a bar taba, a ci wake, ƙwai, nono da nama gwargwadon hali. Mai emasi kuma likitan da ke bin sa ya san da maganar kafin ranar.

A gida a nemi gado mai tsayi a bar tabarma, a samu kujerar da aka huda a ɗora kan masai, domin tsuguno na iya goce da sabon ƙarfen. Salla a zaune kan kujera ta halatta ga mara lafiya, a tambayi liman in ana shakka. Maganin a shanye shi har ranar da likita ya yanka ko da an ji garau. In akwai rifampisin a ciki, fitsari zai yi ja, ba jini ba ne. Amma zazzaɓi, sabon kumburi, ko ɗigon ruwa a kan tabon, ko da bayan shekaru ne, a koma wurin likitan ƙashi a ranar, kar a jira randebu.