Yadda Dawa Ke Kiran Wuta-wuta da Bakinta

Tun kaka da kakanni manoman Zoza da sauran ƙasar Rogo da Karaye sun san cewa wuta-wuta ta fi cin gonar da ta gaji. Gano dalilin haka ya ɗauki masana kusan shekara sittin, kuma a cikin ƙwayar halittar saiwa suka same shi.

Irin wuta-wuta kan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma, ba ya tsirowa sai wani sinadari daga saiwa ya tashe shi. Da wata 'yar'uwar ciyawar ta ɓulla a gonakin masara na Karolina ta Arewa a 1956, masanan Amurka suka duƙufa. A 1966 suka tace sinadarin daga saiwar auduga, suka raɗa masa suna sitirigol. Auduga tana tayar da irin amma ba ta shayar da shi, sai ya mutu. Shi ya sa noma ta ke rage annobar.

To me zai sa tsiro ya kira maƙiyinsa? Amsa ta zo daga Japan a 2005: ana kiran wani fangas ne na cikin ƙasa, mai taya saiwa neman fosfaras. Idan ƙasa ta gaji, dawa takan ɗaga murya, wuta-wuta kuma ta kasa kunne.

A 2012 hanyar da sinadarin ke bi ta fito fili. Ana fara haɗa shi a cikin filastid, wani ɗan ɗaki a cikin ƙwayar halitta, sannan ya fito a ƙarasa shi. Daga nan wani furotin da ke zaune a fatar ƙwayar ya tura shi waje, yana cin makamashi. A Zurik aka fara ganin wannan mai tsaron ƙofa, PDR1, a jikin furen fetuniya. A 2025 masana a ƙasar Sin suka gano irin ƙofofin nan guda biyu a dawa. Da suka toshe su, ɓarnar wuta-wuta ta ragu.

Kafin irin wannan dawa ta iso kasuwar Rogo, makaman manomi su ne taki, da juya shuka da auduga ko waken soya, da tuge ciyawar kafin ta yi iri, domin tushe ɗaya kan zubar da dubun dubatar 'ya'ya. Saiwar da ta ƙoshi ba ta yawan kira.