Horon Malami Kafin na Ɗalibi: Yadda Tarbiyyar Malaman Makarantun Katolika ta Samo Asali a Faransa

A ƙasar Faransa ta ƙarni na 17 koyar da 'ya'yan talakawa ba aiki ne mai daraja ba, domin galibin masu yin sa mutane ne da suka rasa wata madogara, iliminsu bai taka kara ya karya ba, kuma da zarar sun sami abin da ya fi tsoka sai su yi watsi da ajin. Cocin Katolika tana da makarantun horar da limamanta, waɗanda ake kira fada-fada, amma da wuya malamin makaranta ya sami inda za a koya masa tauhidi, wato ilimin sanin Allah da rukunan bangaskiya, balle a kula da ruhaniyarsa, wato zamansa da Allah ta hanyar addu'a da gyaran hali. Mutumin da aka fi danganta cike wannan giɓi da shi shi ne Jean-Baptiste de La Salle, wanda aka haifa a birnin Reims a 1651 a gidan masu hali, aka naɗa shi fada a 1678, ya kuma sami digirin dakta a tauhidi a 1680.

Shigarsa harkar makaranta ba da shiri ta zo ba. A 1679 ya haɗu da Adrien Nyel, wani mai himmar buɗe makarantun kyauta, ya taimaka masa aka kafa ta farko a Reims, sai dai Nyel gwanin buɗewa ne, ba gwanin zama ya raini abin da ya buɗe ba, don haka ɗawainiyar malaman ta faɗo kan de La Salle. Da farko ya riƙa gayyatarsu cin abinci a gidansa don ya gyara musu ɗabi'a, a 1681 ya dawo da su gidan gaba ɗaya, abin da ya ɓata wa danginsa rai ƙwarai, a 1682 kuma ya bar gidan ya koma haya tare da su. Daga baya shi da kansa ya amsa cewa a farkon al'amarin yana ganin waɗannan mutane ba su kai darajar baran gidansa ba.

Abin da ya sauya alƙiblar aikin magana ce da malaman suka mayar masa. Ya kan yi musu wa'azi su dogara ga Allah, kada su damu da gobe, su kuwa suka nuna masa cewa faɗar hakan abu ne mai sauƙi ga mai gado da muƙami a babbar majami'ar Reims, alhali su idan makarantun suka rushe, ko tsufa ya zo, ba su da abin kamawa. Ya karɓi maganar, ya ajiye muƙamin a 1683, sannan ya rabar da dukiyarsa ga mabukata a yunwar da ta biyo baya. Daga nan ƙungiyar malaman ta ɗauki sunan 'Yan'uwa na Makarantun Kirista, mambobinta suna zama wuri ɗaya, ba sa aure, suna koyarwa kyauta.

Tsarin horon da ya shimfiɗa bai raba ibada da aji ba, kuma nan ne sabon abin yake. Ɗan'uwa yakan tashi da ƙarfe huɗu da rabi na asuba ya yi addu'ar zuci, wato nazari cikin shiru a gaban Allah ba tare da karanta rubutattun kalmomi ba, yana da lokacin karatun Sabon Alkawari da na katakizim, wato koyarwar bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa, wadda zai koyar da ita a aji kowace rana. A cikin ajin ma, duk bayan rabin sa'a akan dakata, wani yaro ya tunatar da kowa cewa a gaban Allah suke, a yi ɗan shiru, sannan a ci gaba da karatu. Malamin yana riƙe da wani ɗan katako mai ƙara wanda yake ba da umarni da shi maimakon ɗaga murya, saboda an ɗauki yawan magana a matsayin abin da ke zubar da kwarjinin malami ya kuma tarwatsa natsuwarsa. Littafin tafiyar da makarantun, wanda aka buga a 1720 bayan 'Yan'uwa sun daɗe suna gwada shi a aikace, ya lissafa halaye 12 na malamin kirki, cikinsu har da shiru, tawali'u, haƙuri, taushin hali da sa ido.

A lokacin hutu kuma 'Yan'uwa sukan shiga keɓewa ta kwana 8 don addu'a, kuma domin wannan keɓewa ne ya rubuta darussan nazari 16, biyu a kowace rana, inda ya ɗauko kalmomin da Manzo Bulus ya siffanta aikin manzanni da su, kamar jakadu da ma'aikatan Almasihu, ya ɗora su a kan malamin firamare wanda ba fada ba ne. A wancan zamani wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Akwai wani mataki da ya zama alheri ya kuma zama takunkumi. Bayan rasuwar Henri L'Heureux, Ɗan'uwan da yake shiryawa ya zama fada don ya gaje shi, sai aka tsayar cewa babu wani Ɗan'uwa da za a naɗa fada, aka kuma hana su karatun Latin. Hikimar a fili take, domin wanda ya iya Latin zai iya barin aji ya nemi limanci, yaran kuma da Faransanci ake koya musu karatu. Amma da yake manyan littattafan tauhidi da Latin aka rubuta su, dokar hana Latin ta tsayar da ilimin addinin malamin a matakin katakizim, kuma ba a ɗage ta ba sai a 1923. Ana iya cewa tsarin ya fi ba da ƙarfi ga zuciyar malami fiye da zurfin karatunsa.

De La Salle ya rasu a kusa da Rouen ranar Juma'a Mai Kyau ta 1719, Paparoma Benedict na 13 ya amince da ƙungiyar a 1725, juyin juya halin Faransa ya rushe ta a 1792, ta sake farfaɗowa a zamanin Napoleon. An ayyana shi waliyyi a 1900, a 1950 kuma Paparoma Pius na 12 ya sanya shi majiɓincin malaman makaranta.

Babban sauyi a horon malaman ya zo ne bayan babban taron Cocin da ake kira Majalisar Vatican ta Biyu, wadda a takardarta kan ilimi ta 1965 ta nemi a shirya malamai sosai a ilimin duniya da na addini tare, a 1982 kuma ofishin Vatican mai kula da ilimi ya fitar da takarda ta musamman kan malaman Katolika da ba su cikin kowace ƙungiyar keɓaɓɓu irin ta 'Yan'uwa. Dalilin a bayyane yake. 'Yan'uwan de La Salle sun haura 16,000 a tsakiyar shekarun 1960, yau kuwa sun dawo kusan 3,000, alhali makarantunsu suna ƙasashe wajen 80, saboda haka mafi yawan masu karanta waɗancan darussa 16 a tarurrukan keɓewa yanzu magidanta ne da mata, wasunsu ma ba Katolika ba ne.