Daga Busa Usur Zuwa Tambaya: Yadda Aka Koyar da 'Yan Mata Wasa

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai bayan kafa shirin ilmin firamare kyauta a 1976, hanya guda aka koya mana ta darasin motsa jiki: malami ya busa usur, yara su jeru, su ɗaga hannu, su sauke. Da ita muka koyar a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Ta kawo ladabi, ba mu musa ba. Sai dai yarinya 'yar shekara 14 takan gama zango ba a taɓa tambayarta abin da ta gani ko ta ji ba.

Wasan tanis ne ya tuna mana da wannan. A ƙuruciyarmu labarinsa kawai muke ji, wasan Turawa da manyan ma'aikata a Kano Kulob. Yau kuwa wasu daga cikinku, 'yan'uwa mazauna Kano da Abuja, kuna kai 'ya'yanku mata su koya, musamman tun da Ons Jabeur ta Tunisiya ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2022 da 2023. Don haka ya dace ku san irin hannun da kuke damƙa su.

Shi ma tanis da umarni aka daɗe ana koyar da shi. A 1974 Ba'amurke Timothy Gallwey ya fitar da littafi yana cewa yawan gyara da zargin kai su ke sandarar da hannun ɗalibi, gara a bar shi ya lura da ƙwallo. A 1982 Bunker da Thorpe na Jami'ar Loughborough a Ingila suka ce a fara da wasan kansa, sannan malami ya tsaya ya yi tambaya: ina abokiyar karawarki ta bar fili? A 2007 hukumar tanis ta duniya ta yaɗa ƙwallaye marasa gudu da ƙananan filaye domin masu koyo.

Muhimmancin abin shi ne, yarinya ita kaɗai take tsayawa a gefenta na raga. A yawancin wasannin yara babu alƙali. Ita za ta faɗi gaskiya ko ƙwallo ta fita, ko da faɗin zai kayar da ita. In ta ɓarar, 'yan daƙiƙoƙi gare ta ta gane fushinta, ta haɗiye shi. Wadda ta saba jiran usur, malami take waiwaya.

Wani abin kunya gare mu, wannan hikima tana dandalinmu tun fil azal. A gaɗa yarinya kan saki jiki ta faɗa baya, ta amince ƙawayenta za su tare ta, kuma babu mai busa musu komai. Mu malamai ba mu ɗauke ta darasi ba. A bakin ƙofar makaranta muka riƙa barin ta.